HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA: Wani Tsohon Hoton Kano da Mutumin da Ya Zana Shi

Gabatarwa



Abin da nake so mu tattauna a kansa yau hoto ne guda ɗaya tak, wanda da yawa daga cikinmu sun sha ganinsa a littattafan tarihi ba tare da sun tsaya sun tambayi asalinsa ba. Hoton birnin Kano ne kamar yadda aka hango shi daga kan dutsen Dala a watan Fabrairu na shekarar 1851, watau shekarar 1267 ta Hijira, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya fito ne a cikin littafin tafiye-tafiyen Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdulkarim. An buga littafin cikin juzu'i 5, da Ingilishi da Jamusanci, tsakanin 1857 da 1858.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, saboda haka idan aka nuna mana hoto sai mu ɗauka an kashe gardama. To, amma wannan hoto yana da wani sirri. Mutumin da ya hau Dala ba shi ya zana abin da muke gani ba, wanda kuwa ya zana shi bai taɓa sa ƙafarsa a ƙasar Hausa ba. Manufata ita ce mu dubi hoton mu ji daɗinsa kamar yadda ya cancanta, sa'an nan mu bi sawunsa mu ga inda natsuwar da ke cikinsa ta samo asali, domin mu san gwargwadon yardar da ya kamata mu ba shi.

1. Abin da Ido ke Gani

Bari mu fara da yi wa hoton adalci. Duk wanda ya buɗe shafin, abin da zai fara ji shi ne wani irin sanyi a zuciya. An tsayar da mai kallo a kan tudu, birni ya kwanta a gabansa shimfiɗe har iyakar gani. Ga soraye na ƙasa, ga ɗakunan ciyawa, ga sarari tsakanin unguwanni, ga itatuwan dabino sun miƙe sun yi wa gidajen rumfa daga sama. Launukan ba su da kaifi, sai ka ce an jiƙa su da ruwa kafin a shafa. Abin da ke kusa ya fito sosai, na nesa kuwa yana ta dusashewa har ƙasa ta haɗu da sama. Ba ƙura, ba hayaniya. Mutum ya ga wannan sai ya ce lalle wannan gari ne da ake kwana da ƙofa a buɗe.

Bayanin da Barth ya rubuta game da birnin ya yi daidai da mafi yawan abin da ke cikin hoton. Ya ambaci gidajen ƙasa da bukkoki da rumfuna, da filaye inda shanu da dawaki da raƙuma da jakuna da awaki ke kiwo a cikin gari, da kududdufai waɗanda kainuwa ta rufe, da ramukan da ake haƙar ƙasar gini. A cikin itatuwa ya yaba gwanda da dabino da alilliba da rimi. Ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, ya ce a watannin ciniki na rani adadin yakan kai 60,000. Ya kuma lura cewa ganuwa ta kewaye fili mai yawa wanda ba a gina ba, ana noma a cikinsa.

Wanda ya hau Dala yau, kwano da siminti zai gani ta kowace fuska. An cike yawancin kududdufan an yi gini, ganuwa ta zaizaye, gonakin cikin badala sun zama unguwanni. Saboda haka darajar wannan hoto ba ƙarama ba ce: yana cikin tsofaffin hotunan Kano da muke da su, shekara 52 kafin Turawan Ingila su ci birnin a 1903.

2. Wanda Ya Hau Dala

An haifi Barth a birnin Hambug a 1821. Ya yi karatu a Jami'ar Balin, inda ya zauna gaban Carl Ritter, babban malamin labarin ƙasa na wancan zamani, ya kuma sami digirin dakta a 1844 da bincike a kan cinikin tsohon birnin Koranti na Girka. Wannan ya bayyana mana dalilin da ya sa idonsa ya fi karkata ga kasuwa da kuɗin kaya da hanyoyin fatake. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar, ƙarƙashin James Richardson, tare da wani Bajamushe Adolf Overweg. Sun tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850, suka ratsa Sahara. Barth ya leƙa Agadas, ya rabu da abokansa a Damargu, ya biyo ta Katsina, ya shigo Kano ranar 2 ga Fabrairu 1851.

Halin da ya shigo a ciki ba abin sha'awa ba ne. Aljihunsa ba kome, bashi ya yi masa katutu, ga wajibin kai gaisuwa fada, sa'an nan zazzaɓi ya kwantar da shi a masaukinsa na unguwar Dala. Cikin wannan hali ne ya hau dutsen da takarda a hannu ya zayyana abin da ya hango. Na'urar ɗaukar hoto a lokacin tana jaririya, domin a 1839 aka fara bayyana ta ga duniya, saboda haka matafiyi irin Barth hannunsa da fensirinsa su ne madogararsa. Shi kuwa malamin tarihi ne da harsuna, zane ba sana'arsa ba ce. Abin da ya kai gida zayyanar matafiyi ce: siffar gari, da tsayin itatuwa, da inda kaza yake kusa da kaza.

Richardson ya rasu a hanyar Barno a watan Maris na 1851, Overweg ya bi shi a 1852 a bakin tafkin Chadi. Barth kaɗai ya tsira, a tafiyar tasa ya je Kukawa da Yola da Sakkwato da Gwandu da Tambutu, ya sake ratsa Kano a 1854, ya koma Turai a 1855 tare da samari biyu, Dorugu da Abbega. Daga nan ne labarin hotonmu ya shiga hannu na biyu.

3. Wanda Ya Zana

Da za a buga littafin sai aka miƙa zayyanar Barth ga Johann Martin Bernatz, wani gwanin zanen shimfiɗar ƙasa da ke zaune a birnin Munik. An haife shi a garin Speyer a 1802, ya rasu a 1878. Barth da kansa ya ambace shi a gabatarwar littafin. Aikinsa shi ne ya ɗauki ƙasusuwan da Barth ya kawo ya sa musu tsoka: ya tsara hoton, ya zuba haske da inuwa, ya daidaita launi. Hotuna 60 masu launi ne a cikin littafin.

Bayan Bernatz akwai hannu na uku, watau masu bugun dutse. Wannan dabara, wadda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Munik a ƙarshen ƙarni na 18, ta dogara ne a kan cewa ruwa da mai ba sa shiri. Akan yi zane da alli mai maiƙo a kan dutse mai santsi, a jiƙa dutsen, sa'an nan a shafa tawada. Tawadar sai ta kama inda maiƙon yake ta guji inda ruwa yake, a danna takarda a kai hoto ya fito. Kowane launi da nasa dutsen. Saboda tsada, launuka kaɗan akan yi amfani da su, masu laushi, waɗanda za su dace da kowane shafi. Wannan kaɗai ya isa ya rage wa ranar Kano kaifi.

Idan muka ari hanyar malamanmu ta bin isnadi, sai mu ce wannan hoto ruwaya ce: daga Kano zuwa Barth, daga Barth zuwa Bernatz, daga Bernatz zuwa mabuga. Mai ruwaya na tsakiya kuwa, wanda ya fi kowa tasiri a kan abin da ya iso gare mu, bai halarci wurin ba. Tambayar da ta kamata ita ce, da me ya cike gurbin abin da bai gani ba?

4. Abin da Ƙasashe Masu Zafi Suka Koya Masa

Ba da ka aka zaɓi Bernatz ba. A Jamus ta wancan zamani kaɗan ne masu zane da suka san zafin rana kamarsa. A 1836 da 1837 ya raka masanin nan Gotthilf Heinrich von Schubert zuwa Masar da Sina'i da Falasɗinu, ya dawo da hotuna aka buga. A nan ne idonsa ya saba da dabino, da gidajen ƙasa masu shimfiɗaɗɗen rufi, da raƙuma, da irin farin hasken da ke sa inuwa ta yi gajarta da tsakar rana. Bayan haka ya tafi Indiya, daga can kuma ya shiga tawagar da Ingilishi suka aika ƙarƙashin William Cornwallis Harris zuwa ga Sahle Selassie, sarkin Shawa a ƙasar Habasha, daga 1841 zuwa 1843. Sun sauka a Tajura a bakin teku, suka ratsa hamadar Danakil mai gishiri da azabar zafi, suka haura duwatsu zuwa Ankoba. A 1852 ya fitar da babban littafinsa na hotunan Habasha, wanda shi ne ya fito da sunansa.

Akwai kuma tasirin tunanin zamaninsa. Alexander von Humboldt, wanda ya yi yawon bincike a nahiyar Amurka daga 1799 zuwa 1804, ya koyar da cewa kowane yanki na duniya yana da fuskarsa, tsirrai ne kuma ke ba shi wannan fuska. A 1847 ya yi kira a rubuce ga masu zane da su tafi ƙasashe masu zafi su zano itatuwansu da gaskiya, kowace da siffarta, domin zane ya zama abokin ilimi. Wannan koyarwa ita ce iskar da masu zanen Jamus suka shaƙa a shekarun da Bernatz ke aiki. Shi ya sa itace a hotunansa ba ado kawai ba ce, ita ce shaidar da ke gaya wa mai kallo a wace ƙasa yake.

Wannan duk alheri ne ga hotonmu. Da an ba wani wanda bai taɓa fita daga Turai ba, da wataƙila ya dasa mana itatuwan ƙasarsu a gindin Dala. To, amma a nan ya kamata mu lura da abu biyu.

Na farko, Afirkar da Bernatz ya sani ba tamu ba ce. Ya san kwarin Nilu, ya san hamadar gishiri, ya san tuddan Habasha masu sanyi da raɓa. Bai san hunturun ƙasar Hausa ba. Kowa a ɗakin nan ya san yadda Kano takan kasance a watan Fabrairu: hazo yakan sauko, rana ta yi fari kamar faifai, leɓe ya tsage, ƙura ta hau kan ganye da tufafi. Hasken da ke cikin hoton haske ne na aro, an ɗebo shi daga Masar da Habasha aka zuba wa Kano. Wanda ya jera hotunansa na Habasha kusa da waɗanda ya yi wa Barth zai ga hannu ɗaya ne da hali ɗaya.

Na biyu, tsarin hoton na Turai ne. Tun ƙarni na 17, zamanin Claude Lorrain, masu zanen shimfiɗar ƙasa suka saba da wata ƙa'ida: a ɗora mai kallo a wuri mai tsayi, a raba hoto gida uku, kusa da tsakiya da nesa, a bar sama ta ci fili mai yawa, ɗan Adam kuwa a mai da shi ƙanƙane. Duk ƙasar da aka zuba a cikin wannan ma'auni sai ta fito a natse, ko Italiya ce ko Habasha ko Kano. Ashe ke nan wani kaso na natsuwar da muke sha'awa ba daga Kano ya zo ba, daga makarantar zane ya zo.

5. Abin da Natsuwar Ta Rufe

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Ni kuwa sai in ƙara da cewa hange daga kan Dala ma ba shiga birni ba ne. Abin sha'awa shi ne, mai ƙaryata natsuwar hoton ba wani ba ne illa Barth kansa, a cikin shafukan da ke kewaye da shi.

Kano da ya bayyana gari ne mai motsi. Ya ƙiyasta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a fitar daga ƙasar Kano sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, ya kuma nuna cewa suna isa har Tambutu ta hanyar Gat da Gadamas. Wannan na nufin ƙarar bugu, da warin baba a karofi, da cunkoson kasuwar Kurmi, waɗanda ba ɗayansu da ke hawa kan Dala. Ya kuma bayyana rumfunan da ake jera bayi ana ciniki, ya ƙiyasta waɗanda ake fitarwa da kusan 5,000 a shekara. Ruwan Jakara da kududdufan da ke ƙawata gari daga nesa, su ne matattarar ƙazanta da cuta ga wanda ke kwana kusa da su.

A wajen ganuwa ma ba lafiya lau ba. Buhari na Haɗeja ya yi wa Sakkwato tawaye, hanyar gabas ta zama abin tsoro. Maraɗawa da Gobirawa suna kawo hari daga arewa, Ningawa sun fara tasowa daga kudu. A 1853, da Barth zai tafi Sakkwato, sai da ayarinsu ya yi tafiyar awa 26 ba zango domin ratsa dajin Gundumi saboda tsoron mahara.

Wannan bai sa hoton ya zama ƙarya ba. Gidajen suna nan, dabinon yana nan, filayen suna nan. Abin da nake cewa shi ne, hoton ya faɗi gaskiya game da siffar gari, ya yi shiru game da halin da mutanensa ke ciki. Ɗalibin tarihi sai ya karɓi shaidarsa a inda ya halarta, ya nemi wata shaidar a inda bai halarta ba. Ma'aikacin hukuma kuwa ya san irin wannan hoto sarai, domin rahoton da aka rubuta daga hedkwata game da ƙauyen da ba a je ba, shi ma hange ne daga kan Dala.

6. Ƙasar da Ba a Zana Ba

Wani zai tambaya, me ya sa sai baƙo ne ya zana mana Kano? Amsar ita ce fasahar Bahaushe ta bi wata hanya dabam. Gwanintarsa tana jikin bango da ƙofar zaure, da bakan gizo irin na masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, da aikin riga, da zayyanar allo, da sassaƙar ƙwarya. Siffanta gari da daji kuwa ya bar wa baki, watau kirari da waƙa da tatsuniya. Saboda haka wuraren da matafiya masu fensir ba su zana ba, kamanninsu na dā sun tafi ke nan.

Alal misali, mu ɗauki ƙasar Birnin Gwari. Barth bai bi ta can ba. Hugh Clapperton ya ratsa ta a daminar 1826, kan hanyarsa daga Nufe zuwa Zariya da Kano, ya ambaci garin a rubuce amma bai bar mana hotonsa ba. Wanda ya san Birnin Gwari da dajin da ke kewaye da ita ya san irin abin da aka rasa: kurmin doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, da duwatsu masu sulɓi da ke tasowa daga tsakiyar daji, da rafukan da ke gangarawa kogin Mariga. An keɓe dajin Kamuku a 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, aka san shi da giwaye da gwanki. Daga shekarun 2010 'yan bindiga suka mai da shi mafaka, manoma suka bar gonaki, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama abin fargaba. Da a ce wani ya hau ɗaya daga cikin duwatsun nan a cikin waɗannan shekaru ya zana abin da ya hango, da hoton ya fito a natse kamar na Bernatz, domin itace ba ta nuna tsoro. Wannan shi ne babban darasin da tsohon hoton Kano ke koya mana.

Ba mu da hujjar jiran baƙo yanzu. Tun 1955 ake koyar da zane a Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna kira da a haɗa dabarun da aka koya daga Turai da idon ɗan ƙasa. Yau kuwa kusan kowane ɗalibi yana yawo da na'urar ɗaukar hoto a aljihunsa. Abin da ya rage shi ne a ɗauka da ilimi, a rubuta rana da wuri da sunayen itatuwa, a haɗa da bayanin dattawan wurin, a adana inda na baya za su samu.

Kammalawa

A taƙaice, hoton Kano daga Dala aikin ido biyu ne. Ɗaya ya ga Kano amma bai ƙware a zane ba, ɗaya ya ƙware amma Masar da Habasha ya gani. Daga na farko muka sami siffar birnin, daga na biyu muka sami haske da natsuwa. Ya halatta mu ji daɗin hoton, mu kuma gode wa mutanen biyu, domin ba don su ba da ba mu san yadda gindin Dala yake a zamanin Sarki Usman ba. Amma idan mun gama kallo sai mu sauko daga dutsen mu shiga birni, mu karanta abin da aka rubuta, mu saurari abin da aka gada.

Ina roƙon ɗalibanmu su nemi littafin a ɗakin karatu, su buɗe wannan shafi, sa'an nan wanda ya sami dama ya hau Dala da hunturu ya gwada da idonsa.